Adon Bakin Hanya

A waɗansu biranen Turai akwai wata al'ada ta jera ayyukan sassaƙa a bakin hanyar da mutane ke bi da ƙafa. Ba a kulle su cikin gidan ajiye kayan tarihi, sai a kafa su a fili, ƙarƙashin rana da ruwa, wannan a gindin gada, wancan a bakin kogi, wani kuma a dandali, yadda mai wucewa zai yi ta cin karo da su ɗaya bayan ɗaya har ya kai inda za shi. A birnin Munsta na ƙasar Jamus tun shekara ta 1977 a ke yin haka, sau ɗaya a kowace shekara 10. A gabashin Landan kuma an buɗe irin wannan hanya a shekara ta 2015, ta bi gefen ruwa. Manufar abin ita ce, wanda bai taɓa taka ƙofar gidan tarihi ba, ko don rashin kuɗi ko don rashin sabo, shi ma ya sami rabonsa na kallo.

To, wannan al'ada ta iso Nijeriya, har ta taɓa ƙasar Hausa, ko da ya ke ba da cikakkiyar siffarta ba. Mutumin Sabon Birni ko na Isa, in fatauci ko neman magani ko karatun ɗa ya kai shi Zariya ko Kano, lalle zai ga waɗansu abubuwa a tsaye, na siminti da na ƙarfe, ya koma gida yana tambayar ko mene ne amfaninsu, ko kuwa ya kamata a yi irinsu a ƙasar Gobir. Tambayar ba ta wasa ba ce, gama dukiyar jama'a a ke kashewa a kansu, kuma abin da aka kafa a bakin hanya shi ne yara ke tashi suna gani kullum, har ya zama da shi su ke gane ko su wane ne. Saboda haka ya kamata a auna waɗannan ayyuka da ma'auni uku. Na fari, ko mai tafiya a ƙasa yana iya zuwa kusa da su ya tsaya ya duba. Na biyu, ko suna magana da harshen da mutanen wurin ke ji. Na uku, ko suna jure rana da damina, kuma akwai mai kula da su.

Wurin da ya fi kusa da abin da Turawa ke yi shi ne lambun sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Asalinsa yana da tsawo. A shekara ta 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane da sassaƙa daga Ibadan aka kawo shi kwalejin da ke Zariya, wadda ta zama jami'a a shekara ta 1962. A shekara ta 1958 waɗansu ɗaliban sashen, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya, suka ce ba su yarda a koya musu kwaikwayon Turawa kaɗai ba, sai dai a ɗauki dabarun zamani a haɗa da gadon gida. Tun daga nan sunan Zariya ya fita a wannan fanni. Lambun kuwa shi ne inda a ke ajiye ayyukan da ɗalibai suka yi, shekara bayan shekara, har suka taru da yawa a ƙarƙashin itatuwa: akwai siffofin mutane, akwai na dabbobi, akwai kuma waɗanda ba su yi kama da kome ba sai lanƙwasa da tudu da rami.

Duk wanda ya zaga wurin da idon adalci zai yaba. Ana shiga da ƙafa, ana zagaya kowane aiki ta gaba da ta baya, kuma sassaƙa ba ta bayyana sosai sai an zagaya ta, don abin da ido ya gani daga gabas dabam ya ke da wanda zai gani daga yamma. Inuwar safe dabam, ta la'asar dabam. Akwai kuma gwaninta a fili, musamman wurin waɗanda suka tattara tsofaffin ƙarafan mota da na keke suka yi musu walda, har abin da aka yar a juji ya koma abin kallo. Wannan dabara ce da maƙerin ƙauye zai gani ya gane nan da nan, domin shi ma da tsohon ƙarfe ya ke ƙera fartanya.

Amma fa lambun ya ci rabin ma'auni na fari ne kaɗai. A cikin harabar jami'a ya ke, bayan ƙofa da masu gadi, ba a kan hanyar kasuwa ko ta masallaci ba. Mai tallan nono da mai turin ruwa da manomin da ya kawo dawa ba su da dalilin bi ta nan. A ma'auni na uku ma akwai abin faɗi. Yawancin irin waɗannan ayyuka da siminti a ke yin su, a ɗora shi bisa ƙashin rodi da waya. In simintin ya tsage, ruwan damina ya shiga, sai ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura ta ke yi, ta tura simintin daga ciki har hannu ko kai ya ɓalle ya faɗi. Ɗalibin da ya yi aikin ya gama karatu ya tafi, aikin ya zama maraya, sai fa in makaranta ta tuna da shi.

Ma'auni na biyu shi ne mai nauyi, kuma nan ne masu hukunci ke yawan zamewa. Waɗansu 'yan boko, in sun ga Bahaushe ya kau da kai daga mutum-mutumi, sai su ce jahilci ne. Ba su yi daidai ba. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka gada a ƙasar Hausa, sun rarrabe al'amarin tun da daɗewa. Siffar abu mai rai, mutum ko dabba, in tana da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika, haramun ce. Wadda ba ta da inuwa, kamar zane a bango ko a takarda, makaruhi ce a wurinsu. Siffar abin da ba shi da rai kuwa, kamar itace ko jirgi ko tulu, babu laifi a cikinta. Wanda ya kau da kai ke nan bisa karatu ya kau, ko da kuwa ba shi ya buɗe littafin ba. A ɗaya gefen kuma akwai masu kiran kowace sassaƙa gunki, su ma sun wuce iyaka, gama hukuncin bai hana ado ba, ya dai nuna masa hanyar da zai bi. Gwanin da ya ke son jama'ar Musulmi su tsaya gaban aikinsa, tilas ya san wannan iyaka, ya nuna gwanintarsa a cikinta.

Hukumomin biranen Arewa sun gane haka, shi ya sa a shatale-talen manyan hanyoyi a kan ga an kafa ƙwarya, ko tambari, ko kakaki, ko allo, ko dagin Arewa, maimakon siffar mutum. Niyyar ta yi kyau, sai dai wurin da aka zaɓa shi ne mafi muni ga mai kallo. Shatale-tale tsibiri ne a tsakiyar motoci. Direba ba shi da damar ɗaga kai, fasinja ƙiftawar ido ɗaya ya samu, mai tafiya a ƙasa kuwa in ya ce zai tsallaka ya duba, da ransa ya ke ciniki. Har ila yau da yawa daga cikinsu kumbura abu kaɗai aka yi: an ɗauki ƙwaryar da mace ke riƙewa da hannu ɗaya, an mai da ita ta kai ɗaki, an shafa fenti, an ce an gama. Girma ba shi ne gwaninta ba. Ƙwaryar gaske, wadda mai zane ya ƙona da wuƙa mai zafi, ta fi waccan abin dubawa nesa ba kusa ba.

Abin da ya faru a Kano ya isa darasi. A shekara ta 2017, sa'ad da Jihar Kano ta cika shekara 50 da kafuwa, aka gina wani dogon gini na tunawa a shatale-talen da ke gaban Gidan Gwamnati. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta rushe shi, ta ce ginin ba shi da ƙwari, kuma yana tare gani. Aka yi ta gardama, waɗansu na yabo, waɗansu na zargi. Ko wane ne mai gaskiya a ciki, abu ɗaya ya tabbata: aikin da aka kashe dukiya a kansa bai wuce shekara 6 a tsaye ba. Abin da aka san shi da sunan gwamnatin da ta gina shi, ba da sunan unguwar da ya ke ciki ba, ransa yana hannun zaɓe mai zuwa.

To, ashe ƙasar Hausa ba ta taɓa samun adon bakin hanya wanda ya ci ma'aunin nan uku ba? Ta samu, kuma tun kafin Munsta da Landan su fara nasu. Shi ne zanen gida na magina. Wanda ya bi lungunan Birnin Zariya da Tudun Wada a shekarun 1950 da 1960, ko unguwar Birni a Damagaram, yana tafe ne cikin jerin ayyukan sassaƙa, gida bayan gida. Magini ya kan ɗora laka a fuskar zaure tun tana ɗanya, ya murza ta da hannu, ya fitar da dagi da takobi da sanda, ya kafa zanko a bisa kusurwoyi, sa'an nan a shafe da makuba don tsare ruwa. Da zamani ya juya, sai maginan Zariya suka shigo da keke da mota da jirgin sama da agogo cikin zanensu, ba su ji tsoron sabon abu ba. Uban wannan sana'a shi ne Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a farkon rabin ƙarni na 19, ya ɗaga bakan gizo da laka da azara, ya ƙawata bangayen da tudun zane, ba tare da siffar mai rai ko ɗaya ba.

Wannan ado a daidai idon mai tafiya ya ke, kowa yana jin maganarsa, gama takobi sarauta ya ke nufi, mota kuwa arzikin mai gida. Laka ba ta kai siminti ƙarfi ba, amma tana da abin da siminti ya rasa, watau mai ita. Bayan damina mai gida ya kan kira magini a yi yaɓe, a sabunta zane, don mutuncinsa ne a jikin bangon. Da bulo da kwano suka zo, masu hali suka bar laka, sana'ar ta ja baya. Ƙofofin gari ma ba su tsira ba: a shekara ta 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa da siminti. A Jos kuwa, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya, an gina kwafin masallacin Zariya da na ganuwar Kano don kada siffarsu ta ɓace. Aiki ne mai kyau, sai dai abin tausayi ne a ce sai mutum ya hau dutsen Jos kafin ya ga kwafin abin da kakansa ya gina.

Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne, saboda haka ba laifi Bagobiri ya leƙa gidan taubashinsa ya ga yadda ya yi. A kurmin Oshun da ke Oshogbo, wata mata 'yar ƙasar Ostiriya, Susanne Wenger, tare da maginan garin irin su Adebisi Akanji, sun jera manyan ayyukan siminti a bakin hanyoyin da ke ratsa kurmin har zuwa kogi. A shekara ta 2005 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren gadon duniya. Matar ta rasu a shekara ta 2009, siminti ya tsattsage kamar yadda ya saba, amma aka sami masu gyara, domin mutanen wurin nasu su ke ɗaukar abin. Siffofin na addinin gargajiyar Yarbawa ne, ba za a ɗauko su a kai bakin gulbin Rima ba, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Darasin dai shi ne, aikin ya tsiro daga abin da mutanen garin suka riga suka riƙe, kuma hannun 'yan garin ne ya gina shi.

Sai a dawo Gobir a ga abin da ta ke da shi. Ƙasa ce mai jerin birane: Birnin Lalle, wanda yanzu ya ke cikin Jamhuriyar Nijar, sa'an nan Alkalawa, wadda Sarkin Gobir Ibrahim Babari ya gina a bakin gulbin Rima a tsakiyar ƙarni na 18, bayan ya ci Birnin Zamfara. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki. A watan Oktoba na 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma, bayan tsakiyar ƙarnin, Ɗan Halima ya rabu da su ya kafa Sabon Birni da yardar Sakkwato. Isa kuwa ribaɗi ne na daular Sakkwato, sarautarsa ita ma Sarkin Gobir ce, tana hannun zuriyar Muhammadu Bello. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai Tsibiri ta faɗa wancan gefe, Sabon Birni da kufan Alkalawa suka faɗo wannan.

Ƙarƙashin ƙasa ma akwai gado wanda ya girmi duk waɗannan. Tun shekara ta 1928 masu haƙar kuza suka fara tono siffofin gasasshen yumɓu a Nok, waɗanda sun haura shekara 2,000, aka tara waɗansu a gidan tarihin Jos da aka buɗe a shekara ta 1952. Daga baya aka sami danginsu a ƙasashen Sakkwato da Katsina, amma yawancin waɗannan masu haƙar sata ne suka tono su, suka sayar ƙasashen waje, har a shekara ta 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da a ke gargaɗin kada kowa ya saya. Ba wanda ya ce a kafa su a bakin hanya. Amma abin da aka tono a ɓoye aka fitar da dare, an tafi da labarinsa gaba ɗaya, gama ba a san ramin da ya fito ba, balle abin da ke kusa da shi.

In an tashi yin adon bakin hanya a Sabon Birni ko Isa, abu na fari da zai zo bakin mutane shi ne a yi mutum-mutumin Bawa Jan Gwarzo bisa doki. Wannan kuskure ne ta fuska uku. Ya saɓa wa hukuncin da aka ambata. Sa'an nan babu hoton Bawa, saboda haka duk fuskar da aka ƙera ƙarya ce aka daskarar da siminti. Na uku, a ƙasar da jikokin waɗanda suka kare Alkalawa da jikokin waɗanda suka ci ta ke zaune tare, suna auratayya, suna sahu ɗaya a masallaci, abin tunawa da zai ɗaga takobin wani a kan wani ba ado ba ne, tsokana ce. In ana neman abin da kowa zai yi alfahari da shi a tarihin nan, ga taron Magami, wajen shekara ta 1788, ranar Babbar Salla, inda Bawa ya yi wa malamai kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki waɗanda ke kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji, Sarki kuwa ya amsa. Malami ya faɗi gaskiya, sarki ya saurara. Wannan ya fi kowane yaƙi cancantar a rubuta shi a bango.

Abin da ya dace da Gobir ke nan hanya ce gajera, wadda tsoho zai iya bi, daga kasuwa zuwa ƙofar fada, daga nan zuwa bakin gulbi. A kowane zango a sami itace mai inuwa da dakalin zama, da bango mai zanen magina, da sunayen birane da na sarakuna a rubuce da boko da ajami. Maginan garin su yi ginin, maƙera su yi abin ƙarfe, masassaƙan turmi da sirdi su yi na itace. Kowane zango a danƙa shi ga unguwar da ya ke ciki, ita za ta yi masa yaɓe bayan damina. Irin wannan ba ya bukatar ɗan kwangila daga nesa, kuma sabuwar gwamnati ba za ta ga sunan abokin hamayya a jikinsa ba balle ta aiko da katafila.

Sai dai akwai magana mai ɗaci wadda ba ta tsallakuwa. Tun wajen shekara ta 2019 ɓarayin daji suka addabi ƙasashen Sabon Birni da Isa, ƙauyuka suka watse, dubban mutane suka ƙetare iyaka zuwa yankin Maraɗi. A shekara ta 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu a watan Agusta. Adon bakin hanya sai da hanya, hanya kuwa sai da aminci. Ba zanen bango ne zai mai da manomi gonarsa ba, kuma duk hukumar da ta fara da ado kafin tsaro ta sa riga a bisa gyambo.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. In gari ya watse, ba gidaje kaɗai ke rushewa ba, tsofaffin da suka san sunan kowace ƙofa da kowane fage su ma warwatsewa su ke yi, su rasu a baƙon wuri da abin da ke kansu. A nan ne wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci ya ke da aikin da ba mai yi masa. Ya sami littafin rubutu da alƙalami, ya zauna gaban tsohon magini ya zana siffofin da ya ke fitarwa a bango, ya rubuta sunan kowace da ma'anarta. Ya tambayi maroƙa da makaɗan fada jerin sarakuna, ya tambayi tsofaffin mata sunayen rijiyoyi da tsoffin unguwanni. In ya ji an tono wani abin yumɓu a gona, ya sanar da hakimi, kada ya bari a sayar wa baƙo. Ran da ƙura ta lafa, magini zai tarar da abin da zai ɗora a bango, ba sai an aika Jos ko Landan neman kwafi ba. Allah ya kawo wa ƙasar Gobir zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa, amin.